Na ba da raina ga Yesu, amma tukunyar burukutu ce ke ciyar da 'ya'yana

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni gwauruwa ce, shekarata 43, ina zaune a wani gari a kudancin Kaduna da 'ya'ya huɗu da uwar mijina. Sana'ata dafa burukutu. Uwar mijina ce ta koya mini tun ina amarya, kuma tun da maigidana ya rasu shekara 6 da suka wuce, tukunyar nan ce cinmu, ita ce kuɗin makaranta, ita ce kuɗin magani.

A gidan Kirista aka haife ni, amma da ba na zuwa coci sai Kirsimeti ko jana'iza. Bara aka yi taron wa'azi a unguwarmu, na fita gaba na ba da raina ga Yesu, kuma Allah ya sani ba don idon mutane na yi ba. Na shiga ajin baftisma. Fasto ya ce ba za su yi mini baftisma ba sai na sauke tukunya. Da farko na ji haushi. Amma kwanan baya matar wani mai sha a wurina ta zo da goyo ta tsaya a bakin zaure. Ba ta zage ni ba, cewa ta yi in gaya mata don Allah nawa ya rage a kuɗin masarar da mijinta ya sayar. Daren nan ban yi barci ba. Ga ɗana mai shekara 15, na kama shi yana ɗanɗanawa a bayan ɗaki.

Uwar mijina ta ce zan saki reshe in kama ganye. Ƙannen mijina sun ce idan na daina na kasa riƙe yaran, za su raba su a tsakaninsu, gidan ma ai na ɗan'uwansu ne. Mai dawa yana bina buhu biyu. Babbar 'yata za ta rubuta WAEC bana. A Zumuntar Mata wata ta ce in fasa tukwanen yau ɗin nan, Allah zai tanada. Wata kuma ta raɗa mini in mayar da dahuwar gidan ƙanwata a ɓoye har a yi mini baftisma. Mama, ina son Yesu, ina kuma tsoron yunwa. Yaya zan yi?

Wata 'yar'uwa daga kudancin Kaduna

Ƙanwata, sannu da rashi, sannu da ɗawainiya. Kafin komai bari in cire miki wata ƙaya: tsoron yunwar da kike ji ba rashin bangaskiya ba ne. Uwa ce ke, baki shida ke jiran hannunki har da naki. Duk wanda ya san aikin burukutu ya san ba na malalaciya ba ne. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a kai niƙa, a kwana gaban wuta hayaƙi na cin ido, a tace, a sake dafawa, kwanaki ana fama kafin a sayar da ƙwarya ɗaya. Da wannan wahala kika riƙe marayu huɗu da tsohuwa, ba ki yi bara ba, ba ki bi maza ba. Kada ki yarda wani ya sa ki ji kamar shekarun nan najasa ne.

Amma ki lura da abin da ke cikin wasiƙarki. Maganar fasto haushi ta ba ki. Matar nan mai goyo kuwa barci ta hana ki. Na tabbata ba ita ce mace ta farko da mijinta ya shanye kuɗin amfanin gona a zaurenki ba, kuma a da da ta zo, wataƙila cewa za ki yi ke ba ki jawo kowa da igiya ba. Zauren bai sake ba, mazan ba su sake ba, ke ce kika sake. Abin da kika saba gani shekara da shekaru ya fara yi miki ciwo. Aikin da bangaskiya ke yi a zuciyar mai bi ke nan, kuma tun kafin a kai ki bakin ruwan baftisma ya riga ya fara.

Zan gaya miki gaskiya game da dokar cocinku, don kada gobe wani ya ruɗa ki da ita. Ba za ki sami aya a Littafi Mai Tsarki da ta ce dafa abin sha mai sa maye haramun ne kai tsaye ba. Masu gardama za su kawo miki bikin Kana inda Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi, kuma 'yan'uwanmu Katolika ba su gindaya wannan sharaɗi kafin baftisma. Abin da Littafin ya tsawatar a kai ƙarara shi ne buguwa. Afisawa 5:18 ta hana ta, ƙarshen Karin Magana sura 23 ya zana mashayi da jajayen idanu da raunukan da bai san inda ya samo su ba, Habakuk 2:15 ta yi kaito ga mai shayar da maƙwabcinsa har ya bugu, Bulus kuma a Romawa 14:21 ya ce gara a bar nama ko ruwan inabi idan zai sa ɗan'uwa tuntuɓe. Coci-cocin da suka fito daga mishan a yankinku, tun daga saukar ƙungiyar mishan ta SIM a garin Kwoi a 1910 har cocin ECWA da ya fito daga cikinta ya tsaya da ƙafarsa a 1954, sun ɗauki barin giya a matsayin alamar tuba, saboda sun ga abin da take yi wa gidaje. Kina iya sauya coci ki sami inda ba za a tambaye ki tukunya ba. Sai dai matar nan da ɗanki za su bi ki can a cikin zuciyarki, kuma Romawa 14:23 ta ce abin da mutum ya yi lamirinsa bai yarda ba, zunubi ne gare shi. Don haka ra'ayina shi ne ki bar sana'ar nan. Abin da ya rage a tattauna shi ne yadda za ki bar ta.

Shawarar dafawa a ɓoye, ki jefar da ita tun yanzu. Garinku ba Kano ba ne, warin tsiro kuma ba ya ɓuya. Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5 ba don sun riƙe kuɗinsu aka hukunta su ba, kuɗin nasu ne, ƙaryar da suka yi wa ikkilisiya ce ta ci su. Gara a ɗaga baftismarki zuwa wani zagayen ki shiga ruwa da gaskiya, da ki shiga bana 'ya'yanki na tsaye a gaɓa sun san inda tukunyar ta koma.

Ita kuwa mai cewa ki fasa tukwane yau, ba zan raina maganarta ba, don tana da inda ta dogara. A Afisa masu sihirin da suka tuba sun tara littattafansu suka ƙone a gaban jama'a, aka lissafta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Matiyu ya tashi daga teburin karɓar haraji ya bi Yesu nan take. Akwai mata a ƙasarku da suka kife tukunya rana ɗaya ba su waiwaya ba, kuma ina girmama su. Amma Yesun da ya ce mai binsa ya ɗauki gicciyensa kowace rana, shi ne ya ce a Luka 14:28 wanda zai yi gini ya fara zama ya lissafta abin da zai ci masa. Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Lissafi ba ya rage bangaskiya. Sau da yawa na lura masu saurin cewa "Allah zai tanada" albashinsu na shigowa ƙarshen wata. Allah yana tanadi, ban musa ba, amma yawanci ta hannun mutane yake yi, kuma zan dawo kan mutanen.

Abu ɗaya da ba zan yi miki ba shi ne alkawarin ƙarya. Kuɗin shigarki zai ragu, wataƙila na tsawon lokaci. Akwai masu wa'azin da za su ce miki idan kika bar tukunya ɗaya Allah zai ba ki shago goma kafin Ista. Ba haka aka rubuta ba. Bulus ya bi Yesu ya sha yunwa da ɗauri, yana ɗinkin tanti da hannunsa don ya ci. Za a yi watannin da miya ba nama, za a yi Kirsimetin da za ku sa tsohon zane. Akwai ma wata asarar da ba ki ambata ba, amma za ta zo miki: ke ce matar da kullum zaurenta cike yake, wadda ake zuwa rance wurinta, wadda ake nema in za a yi gayya ko zaman makoki. Ranar da bencina suka zama babu kowa, shirun zai dame ki, wasu da kike ɗauka abokan arziki kuma za su daina gaishe ki. Ki san da wannan tun yanzu, don idan ya zo kada ki ce Allah ya yashe ki.

Ga yadda nake ganin za ki yi. Ki sa rana. "A hankali zan daina" da babu rana a jikinsa, shekara goma zai kai ki. Ki zauna da 'yarki ku dubi kalanda, ku zaɓi ranar dahuwar ƙarshe, kada ta wuce wata ɗaya ko biyu, ki je ki gaya wa fasto ranar da bakinki. Idan dawar nan buhu biyu ba a jiƙa ta ba, ba dole ta zama burukutu ba. Ki mayar wa mai ita ɗaya, ɗayan ya zama jarin sabon abu. Idan kuwa ta riga ta shiga ruwa, ki ƙarasa ta ki biya bashin, kada ki ɗauko wata. A tsakanin nan, babu sha a bashi, babu ƙara wa wanda ya riga ya bugu, babu sayar wa yara. Kuma ki bi kuɗinki da ke hannun mashaya tun zauren na buɗe, don ranar da kika rufe, babu wanda zai tuna kina binsa ko sisi. Mai dawa kuma ki je wurinsa da ƙafarki kafin ya ji a bakin wasu. Mai bashin da ya zo da kansa ya ce ga yadda zan biya, ana yi masa haƙuri.

Ki karanta 2 Sarakuna sura 4 a daren yau, labarinki ne. Gwauruwa ce, mai bin bashi yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu. Abin da Elisha ya fara tambayarta shi ne me take da shi a gida. Ta ce ba komai sai ɗan mai a tulu. Ya ce ta ari tukwane wurin maƙwabta, daga baya ya ce ta sayar da man ta biya bashi, ita da 'ya'yanta su ci saura. To ni ma ina tambayarki, me kike da shi a gida? Kina da manyan tukwane da ganguna da murhu wanda ba kowace mace ke da su ba. Kina da zaure da bencina a wurin da ƙafa ta saba takawa. Kin san dawa mai kyau daga riƙe ta a tafin hannu, kin san mai niƙa, kin san mai itace, kin iya dafa abin da zai ishi mutum ɗari ba ki ruɗe ba. Wannan duk jari ne, shi ya sa nake cewa kada ki fasa ko tukunya ɗaya.

Abin da ya fi kusa da hannunki shi ne kunun zaƙi, don dawa ko gero ne, kuma masu yi da yawa tsiro ko dankali suke sa masa ya yi zaƙi, tsiro kuwa ke ce malamarsa. Sai dai kunu ba ya kwana in ba sanyi, saboda haka ki fara da kaɗan, ki kai ƙofar makaranta da tasha da kasuwa, ki ga yadda yake tafiya kafin ki cika ganga. Shi kaɗai ba zai riƙe gida ba. Ki haɗa da ƙosai ko waina da safe, da abincin sayarwa ranar kasuwa. Inda nake ganin kuɗi ya fi shi ne girkin taro: biki, jana'iza, taron coci, gayya. Ko ba ke za ki dafa ba, ana hayar manyan tukwane. Idan kina kiwon aladu da dusar burukutu kamar yadda masu dahuwa da yawa suke yi, ki tuna dusar za ta yanke. Ki rage su tun suna da ƙiba, ki kai kasuwar aladu ta Katsit a Kafanchan ko ki sayar wa masu kaiwa, kuɗin ya tafi WAEC da bashi. Kuɗin jarrabawar nan shi za ki fara warewa kafin komai, kuma in bai cika ba ki je wurin shugaban makarantar da wuri ki nemi a karɓa kashi-kashi. Abin da ba na so ki yi shi ne cin bashi mai ruwa don shiga harkar da ba ki sani ba. Kin ga yadda cutar citta ta 2023 ta durƙusar da manoma a Kachia da Jaba, waɗanda ma sun gaji noman ne.

Yanzu ga mutanen da na ce zan dawo kansu. Cocin da ya ce ki sauke tukunya yana da nasa kason a wannan kaya, kuma ba roƙo za ki je yi ba. Masu hidima bakwai na farko da aka zaɓa a Ayyukan Manzanni sura 6, saboda rabon abincin gwauraye aka zaɓe su. Wasiƙar Yakubu ta ce addini na gaskiya shi ne kula da marayu da gwauraye, ta kuma tambaya mene ne amfanin ce wa mayunwaci ya sauka lafiya ba a ba shi komai ba. Ki nemi zama da fasto da shugabar Zumunta, ki je da buƙata mai suna. Ki ce ga ranar da zan daina, ga abin da zan koma yi, ina neman rancen jari kaza in biya cikin wata kaza, ina neman a ba ni ɗaukar farko a adashin mata, ina neman a riƙa ba ni girkin taron coci. Mutane sun fi taimakon wanda ya faɗi abin da yake so. 'Yar'uwar nan mai cewa Allah zai tanada, ki je wurinta da fara'a ki ce kin ji shawararta, ko za ta ara miki mudu goma na gero. Fastoci da dattawan da ke karanta wannan shafi kuwa, ku ji ni da kyau: idan kuka kafa wa gwauruwa sharaɗi ba ku tambaye ta me yaranta za su ci ba, kun ɗora mata kayan da ku ba ku taɓa da yatsa ba, kuma kun san malaman Attaura Yesu ya faɗa wa wannan magana.

Uwar mijinki, ki bi ta da lallami. Ke kina cewa za ki sauya sana'a, ita abin da take ji shi ne kina ce mata duk rayuwarta zunubi ce. Da tukunyar nan ta yi renon mijinki, ita ta miƙa miki ita a matsayin gado, kuma a tsufanta ta san in gidan ya rushe ita za ta fara shan wuya. Kada ki yi mata wa'azi. Ki same ta ku biyu, ki ce Mama, sana'arki ta rufa mana asiri, ban manta ba, amma na kama jikanki yana sha, kuma ba zan iya binne ubansa in zuba ido shi ma ya lalace ba. Kaka tana jin maganar jika fiye da aya. Ki nuna mata lissafinki, ki tabbatar mata tuwonta da maganinta ba za su yanke ba, ki ba ta wani aiki a sabuwar sana'ar, ko da kula da tsiro ne ko zama a zaure karɓar kuɗi. Tana iya yin fushi na wata da watanni. Ki ci gaba da kai mata ruwan wanka.

Ƙannen mijinki, ina zargin wasunsu ƙwaryar kyauta ce za su rasa, amma ba mamaki a cikinsu akwai mai tsoron gaske kada 'ya'yan ɗan'uwansa su tagayyara. Kada ki yi cacar baki da su a tsakar gida. Ki nemi babban dangi da mai unguwa da fasto a zauna, ki faɗi shirinki a gaban shaidu, ki ce duk mai tausayin yaran ga kuɗin makaranta nan ya kama wani abu. Takardun gida ko gona, in akwai, ki adana su inda hannu ba zai kai ba. Ba a korar gwauruwa ko a ƙwace mata 'ya'ya da fatar baki, kuma idan barazanar ta wuce magana, ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da hukumar Legal Aid suna taimaka wa irinku ba tare da kuɗin lauya ba.

Yaron nan kuwa ba zai jira ranar da kika sa ba. Daga yau ba ya tace, ba ya miƙa ƙwarya, ba ya zama a zaure. Duka ba zai yi ba. Yaro ne da ya rasa uba yana ɗan shekara 9, ya tashi yana ganin mazan da ke shigowa gidansu duk da ƙwarya a hannu. Ki samo masa namiji mai hankali a coci, ya shiga Boys' Brigade, ƙungiyar horar da yara maza ta coci, ko ƙungiyar matasa, bayan makaranta ya je koyon wani aikin hannu. Sauran yaran ma ki tara su ki gaya musu abin da ke tafe da dalilinsa. Su ma za su biya wani kaso na wannan sadaukarwa alhali ba su suka fita gaba a taron ba, don haka suna da hakkin su ji daga bakinki, su kuma yi tambaya.

Matar mai goyo, ki je ki gaishe ta. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba ya mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. Ke ba ki da wannan ƙarfi, ba kuma fashi kika yi ba. Amma idan mijinta na cikin masu cin bashinki, nasa ki yafe, ki kai mata mudu biyu na masara in kin samu. Kada ki sa rai rufe zaurenki zai shiryar da shi, wani gidan zai koma, wannan kuma ba a wuyanki yake ba.

Idan bayan kin daina wani wata ya yi tsanani har kika ji hannunki na komawa kan dawa, kada ki ɓuya, kada ki daina zuwa sujada don kunya. Ki je wurin shugabar Zumunta tun kafin ki jiƙa, ki ce mata gidan ba abinci. A makon nan dai, ki sa 'yarki ta rubuta ranar da lissafin a takarda, ki ɗauki mace ɗaya da kika yarda da ita a Zumunta ta raka ki wurin fasto. Ina yi muku addu'a, Allah ya ba 'yarmu sa'ar jarrabawa.